Zagayen Adar a yini guda da motar haya: Tahoua, Keita, Buza, Madawa, a dawo ta Tsarnawa

Tun ranar da na ba da labarin cewa na karya kumallo a Keita, na yi azahar a Madawa, na sayi albasa a Galmi, na kuma riski jam'in isha'i a masallacin unguwarmu a Tahoua, duk a rana ɗaya kuma ba da motar kaina ba, tambaya ba ta yanke mini ba. Wasu ma cewa suka yi na ƙara gishiri. To, ga yadda ake yi daki-daki, wanda ya ga zai iya sai ya gwada.

Hanyar zobe ce a ƙasar Adar, cikin jihar Tahoua ta Nijar. Ka fita Tahoua ta gabas, ka bi Tamaske zuwa Keita, ka gangara kudu zuwa Buza da Madawa, ka hau babbar hanyar ƙasa ka yi yamma ta Galmi da Malbaza har Tsarnawa, daga nan ka juya arewa ta Gidan Idar da Badagishiri ka shigo gida. Wajen kilomita 370 ne gaba ɗaya.

Wani ƙanena da ya yi karatu a waje ya tambaye ni ko babu zangon da za a yi a jirgin ƙasa, don ya saba da irin wannan yawon a can. Babu. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 yana can kwance ba ya ɗaukar fasinja, kuma ko yana ɗauka bai zo kusa da mu ba. Mu nan hiyas ce, wato ƙaramar bas ta haya, da ƙananan motoci, da bas ɗin kamfani in an dace.

1. Ta ina za ka fara

Wannan shi ne kan maganar, sauran duk ciko ne. Zoben rabi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Daga Madawa zuwa Tsarnawa zuwa Tahoua babbar hanya ce. Bas-bas masu zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas duk nan suke bi, ga ƙananan motoci ba adadi, ga manyan motocin albasa da siminti. Ko da la'asar ka tsaya bakin kwalta ba za ka rasa abin hawa ba. Ɗaya rabin kuwa, musamman tsakanin Keita da Buza, motocinsa ƙidayayyu ne, kuma na safe ne. Rana na take tsaka sai su ɗauke kamar ruwan bazara.

Saboda haka ka fara da inda mota ke wuya tun da sanyin safiya, ka bar inda take da yawa ya zama hanyar dawowa. Gabas tukuna, kudu daga baya.

Ni da kaina na koyi wannan da kwanan benci. Karon farko ta kudu na fara, don na ga hanya lafiyayya ce. Na yi ta jan jiki, na sha fura a Galmi, na zauna hira a Madawa, ban iso Buza ba sai da aka kira la'asar. Na shiga tasha ina tambayar motar Keita. Wani dattijo da ke alwala a gindin bishiya ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Yaro, wa ka zuwa Keita yanzu? Motoci sun tahi tun hantsi. Sai gobe, in Allah ya kai mu." Na ce, "Baba, ko guda babu?" Ya nuna mini wata da aka ɗora a kan duwatsu ba ƙafa, ya ce, "Ga guda nan." A shagon wani mai shayi na kwana, sauro na yi mini waƙa, iyalina kuma sai kira suke yi har wayar ta mutu.

2. Wata da rana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake wannan tafiya. A damina koramu suna yanke hanya a ƙasar duwatsu, kana iya zama awa uku a bakin ruwa kana jiran ya janye, lissafinka duk ya rushe. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yana wuce digiri 40, wanda ya taɓa zama a kujerar bayan hiyas a watan Afrilu ya san ba yawon shaƙatawa ba ne.

A cikin watannin sanyin ma na fi son ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, ta faɗi da 6 da ƴan mintoci, yinin ya yi gajarta ga wannan hanya. A Fabrairu kana samun ƙarin kusan rabin awa da yamma, kuma lokacin ne albasa ta fara fitowa daga lambuna. Abu ɗaya ke ɓata lamarin: hazo. In ka tashi da asuba ka ga fitilar maƙwabcinka ta yi dishi-dishi don ƙura, ka ɗaga tafiyar. Duwatsun da za ka je gani ba za ka gan su ba.

Game da rana, ka riƙe wannan: motar karkara kasuwa take bi. Inda kasuwa ke ci, can motoci ke nufa da safe, daga can suke watsewa da yamma. Ranar da kasuwar Keita ko ta Buza ke ci, ko ta wani babban ƙauye da ke tsakaninsu, ita ce ranarka. Ƴan tasha sun san wannan jadawalin fiye da sunayen ƴaƴansu, su za ka tambaya.

Gargaɗi: ka guji Lahadi. Ranar kasuwar Tahoua ce, da safe motoci shigowa suke yi lokacin da kai kake son fita, da yamma kuma fita suke yi lokacin da kake son shigowa. Ka guji Juma'a, don daga sha biyu zuwa bayan saukowa daga masallaci babu direban da zai motsa, kuma daidai lokacin ne kake buƙatar motar Madawa. Jajibirin sallah ba sai na faɗa ba.

3. Aikin jajibiri

Da la'asar ranar da ta gabaci tafiyar ka je tashar da motocin Keita ke lodi. Ba waya ba, ba aike ba, ka je da ƙafarka. Ka nemi shugaban layin ko wani direba mai furfura, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi abu huɗu: ƙarfe nawa motar farko ke tashi, nawa ne kuɗin, gobe ana samun motar Buza daga Keita, sannan hanya lafiya? Tambayar ƙarshe ita ce babba. Direbobi suna jin labarin hanya kafin rediyo ta ji. In ka ga ya yi shiru ya ce "to, sai dai addu'a", ka fahimci abin da yake nufi ka zauna gida. In ya sake da kai, ka karɓi lambar wani direban da ke bin Keita da Buza. Wannan lambar ta fi jikka biyar amfani.

Kuɗi. Ga waɗanda ba ƴan Nijar ba, jikka ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5. Zango biyar za ka yi, wani lokaci huɗu. Kuɗin mota yana bin farashin mai da cikar tasha, ya kuma motsa sosai a yankinmu tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man kwalba ya daina araha. Ni jikka uku nake ware wa kowane zango, da yawansu ana ba ni canji. Ka ƙara jikka uku na ci da sha, biyu na kabu-kabu tsakanin tashoshi. Jikka 20 ke nan. Sannan ka naɗe wata jikka 10 ka sa a aljihun da ba ka taɓawa, ita ce kuɗin kwana in tafiya ta ƙi. Kuɗin tsaraba daban, wannan tsakaninka da uwargida ne.

Gargaɗi: ka canza kuɗin tun a gida. Takardun jikka ɗaya da na dala ɗari, da tsabar dala ashirin-ashirin. Ka miƙa wa yaron mota takardar jikka goma da sassafe, zai ce "bari in an sauka", kai kuma a saukar sauri kake yi, haka canji ke bin iska. Kuɗin da ke cikin waya yana da amfani a Madawa da Ƙonni, inda ake da wuraren cirewa irin su NITA da Amana, amma a tashar ƙauye hannu da hannu ake yi.

Jaka ɗaya ƙarama wadda za ta zauna a cinyarka. Duk abin da aka ɗaure a saman mota sai an kwance, kwancewa kuma lokaci ne. A ciki: katin ɗan ƙasa, gorar ruwa babba, rawani ko mayafi don ƙura, rigar sanyi don asuba, batirin cajin waya, dabino ko gyaɗa, da maganin da ka saba sha. In kana da layin waya biyu na kamfanoni daban ka tafi da su duka, tsakanin duwatsu wani yana ɗaukewa wani ya riƙe.

Gargaɗi: katin ɗan ƙasa ya zama na ainihi, wanda kwanansa bai ƙare ba. Akwai shingayen ƴan sanda da jandarmomi a ƙofofin garuruwa. Mutum ɗaya marar takarda yana tsayar da mota guda, kuma sau da yawa direba sauke masa jakarsa yake yi ya wuce. Kada ka ɗauki hoto a shinge, ko na sojoji, ko na motocinsu. Wayarka ta zauna a aljihu har ku wuce.

4. Tahoua zuwa Keita, wajen kilomita 70

Ka yi asuba a masallacin tasha ko kusa da ita. Ƙarfe 6 ta same ka a gindin mota. Burinka ku tashi kafin 7.

Nan ne sabon matafiyi ke faɗawa tarko. Za ka ga motoci biyu ko uku, kowane ɗan kamasho na jan hannun rigarka, "Alhaji, saura mutum biyu! Saura mutum biyu mu tashi!" Ka leƙa, ka ga mota cike, ka biya. Minti goma sai ka ga mutum huɗu sun sauka ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi wai shan shayi, wancan ya tafi wai fitsari, ba su dawo ba. Ƴan zaman cika mota ne. Yadda ake gane su ba wuya: fasinjan gaske yana da kaya a ƙafarsa, yana duba agogo, yana tsaki. Wanda ya zauna hannu rabbana yana hira da yaron mota kamar ɗan ɗakinsu, ba inda za shi. Ka dubi saman motar kuma. In an ɗaure kaya an ja igiya, tashi ya kusa. In saman wayam yake, da saura.

Kada ka biya sai ka tambayi wata inna ko wani dattijo da ke ciki nawa suka ba da. In da gaske saura kujera ɗaya kuma bakwai ta gota, ka saye ta. Ko ku haɗa kai uku ku biya. Jikka biyu a nan tana saya maka awa guda, awa guda kuma a wannan tafiya ita ce tsakanin gadonka da bencin mai shayi.

Wajen zama: gefen taga, ba kan ƙafar baya ba. Gaba ya fi daɗin kallo, amma ka sani mutum biyu ake sawa a kujerar, sai in ka biya kuɗin biyun.

Bayan an bar gari da kaɗan ƙasa za ta fara canzawa, rairayi ya ba da wuri ga jan dutse da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa. A Tamaske mota tana tsayawa sauke mutane. Kada ka sauka yawo, ka sayi ƙosai ta taga.

5. Keita, da zangon da ke yanke hukunci

Kana sauka a Keita, kafin shayi, kafin gaisuwa, kafin komai, ka nemi motar Buza. Ka ga direban ido da ido, ka biya, ka ajiye rawaninka a kujera, ka karɓi lambarsa, ka ce, "Maigida, ina nan wajen mai shayi, don Allah kada a tashi ba ni." Sannan ka karya.

In da sauran lokaci, ka ɗauki kabu-kabu na rabin awa ya fita da kai bakin gari. Abin kallon Keita ba a cikin gari yake ba, a jikin duwatsu yake. Za ka ga layukan duwatsu an jera su bi da bi a kan gangare, da ramuka a jere da itatuwa a cikinsu, da ƙananan madatsun ruwa a bakin koramu. Aikin da aka fara a 1984 ne da kuɗin ƙasar Italiya bayan babban fari, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyansu da abinci, don maza sun tafi bida. Na taɓa tsayawa kusa da ɗaya daga layukan. Gefen sama ƙasa ta taru har ta kusa binne duwatsun, ga karan dawa a tsaye. Gefen ƙasa, taku biyu kacal, fako ne ƙwanƙwaram, ko tsinke babu. Mai kabu-kabun ya ce kakarsa na cikin waɗanda suka jera na wajen ƙauyensu, har ta rasu wuyanta na ciwo.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan jagora: ƙarfe 10 da rabi ita ce iyaka. In ta yi kana Keita kuma motar Buza ba ta da alamar tashi, zoben ya ƙare a yau. Ka yi yawonka a Keita da Tamaske hankali kwance, ka koma Tahoua da azahar. Ba asara ka yi ba. Masu taurin kai su ne ke tashi sha biyu, su iso Madawa da la'asar sakaliya, dare ya same su a hanya.

Za a ba ka shawarar ka hau babur har Buza. Ni ba na yi. Wajen kilomita 60 ne a ƙasar dutse, ba hular kwano, kuma a wasu sassan jihar Tahoua hukuma takan taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, dokar tana canzawa ba tare da ka ji ba. In motar ɗaukar kaya ce za ta kasuwa kuma akwai wuri a gaba kusa da direba, wannan ana iya shiga. Saman buhuna kuwa a bar wa waɗanda suka saba.

Wannan zangon shi ne mafi wahala, shi ne kuma dalilin tafiyar. Mota za ta hau tudu tana nishi har ka ji kamar a sauka a tura, ta yi tafiya a kan fako inda ba komai sai baƙin dutse da ƴan awaki, can sai ƙasa ta buɗe a gabanka, kwari kore shar, ga rumbunan ƙasa masu tumbi a bakin ƙauye, ga gawo ya yi ganye a tsakiyar rani kamar yadda ya saba saɓa wa sauran itatuwa. Ƙasar Buza ce ke da kwarin Majiya, inda tun 1975 aka shuka dogon yaro layi biyu-biyu a tsakiyar gonaki don kare iska. Daga tudu layukan kamar an ja su da igiya. Ka ba shi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da tsaye-tsaye: nan a sauke buhu, can a ɗauki tunkiya, gaba kaɗan direba ya tsaya ba da saƙon surukarsa. Kada ka yi faɗa. Ba ya ƙara gudu, sai dai ya ƙara maka ciwon kai.

6. Buza zuwa Madawa, wajen kilomita 50

A Buza ba a zama. Ka sauka, ka sha ruwa, ka shiga motar Madawa. Nan motoci sun fi na baya yawa, don mutanen Buza Madawa ce ƙofarsu ta fita. Sha biyu da rabi ta same ka a hanya.

Madawa ce kaɗai inda za ka zauna ka miƙe ƙafa, minti arba'in da biyar zuwa awa guda. Ka yi salla, ka ci abinci mai zafi, ka sayi kilishi, don garin ya yi suna da shi. Ka ce a yanko maka ɗan gefe ka ɗanɗana. Mai kyau yana karyewa, ba ya naɗewa kamar fata, kuma ba ya warin tsohon mai. Tabarmin kaba ma nan ne gidansu, amma ka tuna a cinyarka za ta zauna har Tahoua, ƙarama za ka ɗauka.

Gargaɗi: shinkafa da miya a cika ciki, ga zafin rana, ga mota mai jijjiga, ba sa haɗuwa. Ka ci rabin abin da ka saba. Kuma kada wani ya ja ka zuwa ƙauyukan kudu wajen iyakar Najeriya wai "nan kusa ne". Ba ya cikin zoben, lokaci ba ya isa, kuma yankin bakin iyaka ba wurin yawon baƙo ba ne a ƴan shekarun nan.

7. Madawa zuwa Tsarnawa, wajen kilomita 70

Kafin ka shiga ƙaramar mota, ka leƙa ofisoshin kamfanonin bas da ke bakin hanya ka tambaya ko akwai mai zuwa Tahoua kai tsaye daga Maraɗi ko Damagaram da bai wuce ba tukuna. In akwai kuma da kujera, ka yanki tikiti ka gode wa Allah, zango biyu sun zama ɗaya, ba sauka a Tsarnawa. Sai dai ka sani bas ba zai jira ka sayi albasa ba. In babu, ka shiga motar Ƙonni ka ce a Tsarnawa za ka sauka, ka kuma daidaita kuɗin Tsarnawa tun kafin a tashi, kada a karɓi na Ƙonni. Uku saura kwata ita ce iyakar barin Madawa.

Hanya a nan santsi ce in an gwada da ta safe, barci zai ɗauke ka in ba ka yi hankali ba. Ka daure har Galmi, wajen kilomita 35. Tun kafin ku shiga za ka ji warin albasa. Buhuna a jere bakin hanya tsayin mutum, manyan motoci suna lodi zuwa Ghana da Kwaddibuwa. Wannan ce jar albasar da ake kira da sunan garin har a ƙasashen waje. Kusan kowace mota tana tsayawa a nan saboda masu zuwa asibitin mishan da ke garin tun 1950, kuma wannan tsayawar ta minti biyar ita ce kasuwarka.

Gargaɗi: kada ka sauka a Galmi ka sallami motarka don ciniki. Samun kujera ɗaya a motar da ta taso cike daga Madawa sa'a ce. Ka gaya wa direba tun a tasha, "Maigida, in mun kai Galmi a ɗan yi mini haƙuri in ɗauki albasa", ka ƙara wa yaron mota dala ashirin, shi zai ma taya ka zaɓe. Ka sayi ƙaramin ƙunshi, ba babban buhu ba. Babban buhun albasa mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, za a caje ka kuɗin kaya sau biyu, a nan da Tsarnawa, ribar ta tafi. Ka danna wuyan albasar da yatsa: in ya bushe ƙam za ta yi wata da watanni, in da laushi ko danshi ta mako biyu ce. Ka kuma sa hannu ƙasan ƙunshin, manyan a sama ake jera su.

Malbaza ta taga za ka gan ta, masana'antar siminti da farar ƙurarta. Daga nan Tsarnawa ba nisa.

8. Tsarnawa zuwa gida, wajen kilomita 120

Tsarnawa mararraba ce. Kai tsaye Ƙonni, kilomita 14 ko kusa da haka. Hannun dama Tahoua. Ka sauka daidai mararrabar, ka yi la'asar a gurguje, ka tsaya inda masu zuwa arewa ke tsayawa. Ƙarfe 4 ya kamata ta same ka a nan, 4 da rabi kana cikin mota.

Motoci iri biyu za ka gani. Akwai masu lodi a nan, su sai sun cika. Akwai masu tasowa daga Ƙonni da kujera ɗaya ko biyu ba kowa, su ba sa jira. Da yamma na biyun nake bi. Kada ka ba ɗan kamasho kuɗinka ya riƙe alhali motarsa mutum uku ne a ciki, don da ka biya ka ɗaure kanka, kana kallo masu wucewa za su yi ta wucewa. Ka ce masa, "Samari, duk wadda ta fara tashi ita ce tawa", ka riƙe kuɗinka a hannu.

Gargaɗi: in ƙarfe 5 ta yi ba ka sami mota ba, ka buɗe aljihun nan da ba ka taɓawa. Ka shiga Ƙonni ka kwana, akwai masauki, da safe ka taho. Tafiyar dare a wannan hanya ba ta da riba: manyan motoci masu fitila ɗaya, amalanken shanu ba fitila ko ɗaya, jakuna a tsakiyar kwalta, ga direban da tun asuba yake tuƙi. Ka kira gida ka faɗa musu tun batirin wayar bai mutu ba.

In komai ya tafi daidai, za ku wuce Gidan Idar da sauran rana, ku iso Badagishiri daf da magariba. In da sauran haske ka dubi gonakin gefen hanya, za ka ga ƙananan ramuka a jere a kan fako, su ne tassa, ana zuba taki a ciki a shuka hatsi su riƙe ruwan sama. Direba zai tsaya salla a nan ko gaba kaɗan. Ka yi alwala da sauran ruwan gorarka, don butocin masallacin bakin hanya layi ake yi musu. Daga Badagishiri saura ƙasa da kilomita 50.

A shingen shiga Tahoua ka fiddo katinka tun kafin a haska maka fitila. Ka ce a sauke ka inda ya fi kusa da unguwarku, ba sai tasha ba, ka duba ƙarƙashin kujera kafin ka rufe ƙofa. Karo na biyu da na yi zoben, albasar ta iso gida lafiya, kilishin kuwa ya wuce tasha shi kaɗai, kuma yaron motar ya rantse mini washegari cewa bai ga komai ba, bakinsa na ƙyallin mai.